A Gwada Manhaja da Sabis ɗin Wanke Kafin a Sake Ta

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS a Wanke, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ya san wannan yanayi: saƙon banki ya shigo cewa an cire kuɗi, na'ura kuwa ta ce ciniki bai yiwu ba. Mai shago ba zai ba da kuɗin ba, mai kati kuma ba zai tafi ba. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020 ta ba da awa 72 a mayar da irin waɗannan kuɗi, amma manomin da ya zo sayen taki ranar kasuwa ba shi da kwana uku na jira. Mukan ɗora laifin kan sabis mu wuce. A ganina, kaso mai yawa na wannan wahala tun a ɗakin gwajin manhaja ake shuka ta.

Manhajar biyan kuɗi ba ta aiki ita kaɗai. Tana magana da kamfanin da ke sarrafa biya, shi kuma ya bi ta hanyoyin da ke haɗa bankuna, kamar na NIBSS, sannan bankin mai kati ya amsa, kamfanin sadarwa ya kai saƙo. Masu haɗa manhaja suna da gwaje-gwajen da kwamfuta ke yi da kanta duk lokacin da aka taɓa wani abu a cikinta, wani lokaci sau da dama a yini. Ba zai yiwu a riƙa motsa kuɗin gaske a kowane gwaji ba. Saboda haka sukan ƙera madadi, wato wata 'yar manhaja da ke shiga rigar banki ta amsa a madadinsa.

Madadin iri biyu ne, kuma Martin Fowler ya yi fice wajen bambance su a wani rubutunsa na 2004. Na farko, wanda ake kira sitob, amsa kawai yake bayarwa: an tsara masa cewa in an tambaye shi kuɗin asusu ya ce naira dubu goma. Na biyu, wato mok, yana amsawa kuma yana sa ido: ya ƙirga sau nawa aka kira shi, da me aka aiko masa, in an saɓa ya kayar da gwajin. Tim Mackinnon da Steve Freeman da Philip Craig ne suka gabatar da wannan dabara ta biyu a wani taro a shekarar 2000.

Ƙorafina shi ne yadda ake tsara madadin. Mai zaune a ofis mai intanet mai ƙarfi yakan koya masa amsa biyu, "an biya" da "an ƙi", kuma kowacce ta dawo cikin ƙiftawar ido. Alhali abin da ya fi cutar da mutumin Wanke amsa ta uku ce, wato shiru. Buƙata ta isa banki, an cire kuɗin, amma amsar ta ɓace a hanyar dawowa. Manhajar da ba a taɓa gwada ta da shiru ba, ko dai ta ce ciniki ya faɗi, ko ta sake aika buƙatar a cire kuɗi sau biyu. A nan madadi mai sa ido yake da rana. Ana iya sa shi ya yi gum bayan ya karɓi buƙatar farko, sannan a duba ko manhajar ta nemi sanin makomar cinikin, da ko ta maimaita lambar ciniki ɗaya domin banki ya gane ba sabo ba ne. Kayan aikin suna nan kyauta: WireMock na iya jinkirta amsa ko ya lalata ta, Toxiproxy na kamfanin Shopify kuma yana kwaikwayon layin da ke jan ƙafa ko yake yankewa.

Zamfara ba ta buƙatar a ba ta labarin wannan. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta umarci a rufe layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro. Gusau ta sami sabis a farkon Oktoba, sauran yankuna sai wajen ƙarshen Nuwamba. Ba manhajar da za ta aika kuɗi babu layi, amma ta asibiti ko ta rajistar manoma tana iya adana bayanai a waya har sabis ya dawo, in an gwada ta da haka. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi da ya sa Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai ƙara Kotun Ƙoli, jama'a sun koma ga taransfa, manhajojin bankuna suka riƙa gazawa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Akwai masu cewa madadi yaudarar kai ne, kuma suna da hujja. Madadi ba ya sanin komai sai abin da mai shi ya zata game da banki. In bankin ya sauya tsarin amsarsa, gwaji zai ci gaba da cewa lafiya lau, manhaja kuwa ta karye a hannun jama'a. Maganin shi ne a riƙa auna madadin da na gaskiya: ta gwajin yarjejeniya da kayan aiki irin su Pact, da filin gwajin da Paystack da Flutterwave ke bayarwa, sannan a ɗauki waya mai araha a je kasuwar ƙauye a gani da ido.

Yawancin masu karanta wannan ba sa rubuta manhaja, amma suna sayenta wa ma'aikatu da asibitoci da ƙungiyoyin gama kai. Kafin ku sa hannu a kwangila, ku ce a nuna muku abin da ke faruwa in banki ya yi shiru na minti ɗaya, in an danna biya sau biyu, in layi ya ɗauke na mako guda. Wanda ya yi waɗannan gwaje-gwaje zai nuna muku sakamako nan take. Wanda bai yi ba, a kan kuɗin mutanen Wanke zai yi su.