Yuro 992 a wata ya isa a samu bizar Jamus, amma ba lalle ya isa zaman Barlin ba

Tun ranar 1 ga watan Janairun 2026 alƙaluma biyu suka canza a Jamus, kuma dukansu sun taɓa aljihun baƙo. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga yuro 12.82 zuwa 13.90 a kowace awa. Tikitin wata na bas da jiragen ƙasa na kusa, wanda ake kira Deutschlandticket, shi ma ya tashi daga yuro 58 zuwa 63.

Na farkon ne mai daɗin ji ga matashin da ke zaune a fada a Damagaram ko Maraɗi yana buga lissafi a waya. Tun da yuro ɗaya na daidai da sefa 655.957, aikin awa ɗaya a Jamus ya haura jaka 9, aikin awa biyar kuma ya zarce jaka 42 da ke matsayin mafi ƙarancin albashin wata a Nijar. Sai dai wancan tikiti na yuro 63, idan aka juya shi, ya haura jaka 41. Ke nan kuɗin motar wata ɗaya can ya kusa cinye albashin wata ɗaya a nan. Mafi yawan masu shirin tafiya sun iya juya albashi zuwa sefa, kaɗan ne ke juya haya.

Ɗalibin da ke neman bizar karatu sai ya nuna yana da abin riƙe kansa na shekara guda. Hanyar da aka fi bi ita ce a zuba yuro 11,904 a wani asusun banki da ake kullewa, wanda Jamusawa ke kira Sperrkonto. A kuɗinmu ya kai miliyan 7 da jaka 800 da ɗoriya. Bayan ya sauka, bankin na sakar masa yuro 992 a kowane wata, ba ya ƙara ko sisi. Iyaye da yawa, da zarar sun haɗa wannan kuɗi, wasu ma sai sun sayar da fili ko dabbobi, sai su ɗauka an gama magana. To daga ina adadin ya fito?

Yuro 992 shi ne mafi girman tallafin da gwamnatin Jamus ke bai wa ɗalibanta marasa ƙarfi a ƙarƙashin tsarin BAföG, kuma doka ta ɗaure sharaɗin bizar baƙi da shi. An kasa shi uku: yuro 475 na abinci da sutura da sauran buƙatu, 137 na inshorar lafiya, sai 380 na wurin kwana. Wannan 380 ɗin ne tushen matsalar, domin adadi ɗaya ne ga ƙasar baki ɗaya, ko a ƙaramin gari mutum yake ko a tsakiyar Munik.

Cibiyar Moses Mendelssohn, wadda ke bibiyar farashin ɗakunan ɗalibai, ta nuna cewa ɗaki ɗaya a gidan da ake raba kicin da bayi da wasu ya kai kusan yuro 800 a wata a Munik, kusan 650 a Barlin, a Frankfurt da Hamburg ma ya haura 600. Ɗaki ɗaya fa, ba gida ba. Idan aka cire 650 daga 992, saura 342. A cire inshorar lafiya, wadda tilas ce kuma ba a yi wa ɗalibi rajista a jami'a sai da ita, abin da ya rage bai wuce yuro 200 da ɗan kai ba. Da shi za a ci, a sa kuɗi a waya, a biya kuɗin zangon karatu. A Munik ragowar ba ta kai ta cefanen mako biyu ba. Gwamnatin Jamus da kanta yuro 563 take bai wa marar aikin yi da ke zaune shi kaɗai a wata, ban da haya da kuɗin ɗumama ɗaki, a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum zai rayu da shi.

Akwai gidajen kwanan ɗalibai masu rahusa, amma a manyan birane layinsu na da tsawo, ana iya shafe zangon karatu ɗaya ko fiye ana jira. Wanda bai sa sunansa tun yana gida ba, kasuwa zai faɗa.

A kasuwar kuma akwai kalmomi biyu da rashin saninsu ke jawo asara. Kaltmiete ita ce hayar ɗaki tsurarta. Warmmiete ita ce haya haɗe da kuɗin ruwa da shara da ɗumama ɗaki. Wutar lantarki da intanet galibi daban ake biyansu. Kuɗin ɗumamar da ake karɓa duk wata ma ƙiyasi ne kawai. Bayan shekara mai gida na kawo lissafin abin da aka sha, idan ya zarce sai a cika. Ɗan Tawa ko Agadas da ya ga hunturun farko a rayuwarsa, ya buɗe na'urar ɗumama dare da rana, zai iya samun takardar bashin ɗaruruwan yuro a lokacin da ya manta da sanyin. Ga kuma harajin rediyo da talabijin, yuro 18.36 a wata kan kowane gida, ko da babu akwatin talabijin a ciki. Masu raba gida sukan raba shi.

Watannin farko su ne mafi tsanani, kuma a nan ne asusun da aka kulle ba ya ceton kowa. Mai gida na da ikon karɓar kuɗin jingina, Kaution, har na hayar wata uku tsurarta. Doka ta bai wa ɗan haya damar biyansa kashi uku, amma inda mutane da dama ke rububin ɗaki ɗaya, baƙon da ya fara neman sassauci ya san matsayinsa a layi. Sannan dole ne mutum ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gari cikin kwanaki 14 da tarewa, da takardar shaida daga mai gida. Idan babu wannan rajista, lambar haraji da takardar izinin zama duk sukan tsaya. Kafin a samu ɗaki na dindindin ana kwana a masauki mai tsada. A ƙiyasina, wanda zai sauka Barlin na buƙatar yuro 2,500 zuwa 3,000 a hannu, wato har kusan miliyan 2 na sefa, ban da abin da ke cikin asusun da kuɗin jirgi.

Wannan matsi ne ƴan damfara ke amfani da shi. Salonsu sananne ne: hotunan ɗaki mai kyau a farashi mai sauƙi, mai gidan wai yana wata ƙasa, a turo jingina zai aiko da mabuɗi. Duk wanda ya nemi kuɗi kafin a ga ɗaki a sa hannu a yarjejeniya, a rabu da shi.

Amsar da aka saba ji ita ce: ai zan yi aiki. Gaskiya ne doka ta sassauta. Tun watan Maris na 2024 ɗalibi baƙo na iya aikin cikakkun kwanaki 140 a shekara, ko rabin yini sau 280. Ƙaramin aikin da ake kira Minijob na kawo har yuro 603 a wata a shekarar 2026, kuma wannan na iya toshe giɓin haya. Amma ba a makon sauka ake samunsa ba, wanda bai iya Jamusanci ba zaɓinsa kaɗan ne, kuma awoyin da aka ba ɗakin ajiyar kaya ko kicin ɗin gidan abinci daga lokacin karatu ake yanko su. Izinin zaman ɗalibi kuwa a kan ci gaban karatu ake sabunta shi.

Wanda ya tafi a matsayin ma'aikaci ma yana da nasa lissafin. Awa 40 a mako kan yuro 13.90 na ba da kusan 2,400 a wata a takarda. Bayan an cire haraji da kuɗin fansho da inshorar lafiya da ta rashin aiki, abin da ke shiga asusun marar aure bai wuce kusan 1,700 ba. Adadin farko ne ƴan uwa ke ji, na biyun ne ake rayuwa da shi, kuma saɓanin da ke tsakani ya isa ya ɓata zumunci. Ya kamata a zauna da iyaye tun kafin tafiya a faɗa musu cewa a shekarar farko kada su sa ran aike.

Abinci bai kai haya ciwo ba. Wanda ke cefane a Aldi ko Lidl, yana sayen naman halal a shagunan Turkawa, yana dafawa da kansa, zai iya riƙe cikinsa da yuro 200 zuwa 250. Kayan miyan gida a shagunan ƴan Afirka ne ke da tsada, don haka kuka da busasshiyar kuɓewa sun cancanci wuri a akwati. Shiga jirgi ba tikiti kuma tarar yuro 60 ce.

Ko gwamnati na yin wani abu kan hayar? A watan Yunin 2025 majalisar dokoki ta Bundestag ta tsawaita dokar taka wa haya birki har zuwa ƙarshen 2029. Dokar ta hana sabuwar haya ta zarce farashin da aka saba a unguwa da fiye da kashi 10 cikin 100. Sai dai ba ta shafi sababbin gine-gine ba, kuma masu gidaje sun iya zagaye ta da ɗakuna masu kayan ɗaki da ake bayarwa na ɗan lokaci, irin waɗanda sabon zuwa ke faɗawa.

Shi ya sa zaɓin gari ya fi kowane tsimi tasiri. Yuro 992 ɗin nan da albashin 13.90 ɗaya suke a Munik da Chemnitz da Magdeburg, alhali a waɗannan garuruwa na gabashi ana samun ɗaki a ƙasa da rabin farashin Munik. Akwai abin da ake rasawa: ayyuka ba su kai na manyan birane yawa ba, ƴan Afirka kaɗan ne, kuma a yankin ne jam'iyyar AfD mai adawa da baƙi ta fi ƙarfi. A Munik ɗin ma, Jami'ar Fasaha ta TUM ta fara karɓar kuɗin karatu daga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba tun ƙarshen 2024, jihar Baden-Württemberg kuma na karɓar yuro 1,500 a kowane zango.

Masu shirin tafiya su kuma sa ido kan wani alkawari da ke cikin yarjejeniyar gwamnatin haɗin gwiwa ta Friedrich Merz, na ɗaga kason wurin kwana a BAföG daga yuro 380 zuwa 440 daga zangon hunturu na 2026. Ga ɗalibin Jamus ƙarin tallafi ne. Ga ɗan Nijar, tun da sharaɗin biza na bin wannan adadi, idan abin ya tabbata ƙarin yuro 720 ne a shekara da iyaye za su nemo kafin a je ofishin jakadanci, sama da jaka 470 ke nan, kuma ɗakin Barlin na nan a 650.