WA ZAI ƊAUKI HOTON KABI? SHAWARA KAN ZAƁEN MAKARANTA

Duk shekara idan lokacin cike takardar JAMB ya kama, za ka iske ƙannenmu na sakandare a Birnin Kebbi da Argungu sun dunguma kan fannoni uku ko huɗu, watau likitanci, da shari'a, da aikin injiniya, da lissafin kuɗi. Idan aka sami wani ya yi ƙarfin hali ya ce shi ɗaukar hoto yake so ya karanta, sai a fashe masa da dariya, a ce ai wannan sana'ar masu yawon gidajen biki ce. Ni kuwa a ganina yaron nan ya hango abin da masu dariyar ba su hango ba. Abin da ya kamace mu, mu da muka riga shi shiga jami'a, shi ne mu taimake shi ya zaɓi makarantar da za ta ba shi ilmin, ya kuma komo da shi gida.

Bari mu fara da dalilin da ya sa nake cewa ƙasar Kabi tana bukatar mai hoto mai ilmi. A shekarar 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa kamun kifi don girmamawa, aka rufe babin gabar da ta daɗe tsakanin Sakkwato da Kabi. Wannan shi ne tushen bikin da duniya ta sani yau, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na bil Adama a shekarar 2016. To, a dubi hotunan Matan Fada da ke yawo a jaridu da littattafai. Galibinsu baƙi ne suka ɗauka, mutanen da kan sauka kwana uku su juya. Ba na zarginsu, don sun yi aikinsu. Amma baƙo abin da aka nuna masa yake gani: masunta sun auka ruwa da goruna da koma, sai kuma giwan ruwa a kan sikeli. Mai saƙar komar nan, da mai gyaran goran, da matar da ke banda kifi, da manomin shinkafa a fadamar Rima ranar da ambaliya ta ci gonarsa kamar yadda aka gani a shekarar 2020, duk waɗannan sai ɗan gida, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada kuma mu manta cewa bayan bikin 2009 ba a sake yin wani ba sai a 2020. Yaran da suka tashi a tsakanin nan, da hoto da labari kaɗai suka san shi.

Wani zai ce yau kowa yana da kyamara a wayarsa, me ya kai mutum ɓata shekara huɗu? Amsar tana bakin ruwan Matan Fada. Ana buga bindiga, dubban mutane su ruga a lokaci ɗaya, ruwa ya turnuƙe, rana tana walƙiya a kansa, ga hazo ya dushe sararin sama. Cikin kamar sa'a guda an gama. Wanda bai san yadda ake rage ƙiftawar kyamara zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa don a tsayar da mai gudu ba, bai san yadda ake auna haske don kada fuskar masunci ta yi baƙi ƙirin a gaban farin ruwa ba, bai kuma san inda zai tsaya tun da asuba ba, zai koma gida da hotuna ɗari ba na nunawa ko ɗaya. Riƙe alƙalami bai mai da kowa marubuci ba, haka nan kyamara.

To, ina za a nufa? A ƙasar nan an fi samun koyon hoto a cikin wani fanni da ya fi shi faɗi, saboda haka hanyoyin uku ne, kuma kowace da irin mutumin da take fitarwa. Ta farko ita ce hanyar zane, kamar sassan zane da ƙirar kayan masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko makarantar zane ta Kwalejin Fasaha ta Yaba a Ikko. Nan za a fara ba ka fensir kafin kyamara, a koya maka haske da inuwa da launi da yadda ake tsara abu cikin fili. Kada wannan ya ba ka haushi. Malick Sidibé na Bamako da zane ya fara a makarantar sana'o'i kafin ya kama aiki a shagon wani mai hoto, ga shi a shekarar 2007 an ba shi babbar lambar girma ta bajekolin fasaha na birnin Banis a Italiya, a kan hotunan samarin garinsu.

Ta biyu ita ce hanyar jarida, kamar tsangayar sadarwa ta Jami'ar Bayero ta Kano. A nan hoto darasi ne cikin darussa, tare da rubuta labari da dokokin aikin jarida da ladubbansa. Wanda zuciyarsa take ga labarin ambaliya da zaɓe da kasuwa, nan ne wurinsa, sai dai ya sani cewa sa'o'in da zai riƙe kyamara a aji kaɗan ne, sauran sai ya nema wa kansa. Ta uku ita ce hanyar fim, kamar Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA, dukansu a Jos. Wannan ta dace da mai son hoto mai motsi, wanda yake mafarkin ɗaukar wasannin kabanci da kiɗan masunta da muryarsu gaba ɗaya.

Kowace hanya ka ɗauka, kada sunan makaranta ya ruɗe ka. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun kafin cike takarda ka je da ƙafarka, ko ka aiki wanda ka amince da shi, ka sami amsar tambayoyi biyar. Shin hukumar da ke da alhaki ta amince da kwas ɗin, watau NUC ga jami'o'i, NBTE ga kwalejojin fasaha? Kyamara nawa ke aiki a sashen, ɗalibi nawa ke rabonsu, kuma ana barin mutum ya fita da ita? Malamin da ke koyar da hoto, ina hotunan da shi ya ɗauka? Waɗanda suka gama bara, me suke yi yanzu? Ta biyar kuwa, wadda na fi ba muhimmanci: ana koyar da adana hoto, da rubuta sunan wuri da rana da mutanen da ke ciki, da haƙƙin mai hoto a ƙarƙashin sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023? Hoton da ba suna ba kwanan wata, bayan shekara talatin ya zama maraya. Makarantar da ta kasa amsa waɗannan, komai tsawon gininta, a wuce ta.

Wanda halin gidansu bai kai ga tafiya nesa ba, kada ya yanke ƙauna. Ya duba jerin kwasa-kwasan Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, ya ɗauki wanda ya fi kusa da burinsa, ko da tarihi ne ko Hausa, sa'an nan ya kama ƙafa da wani ƙwararren mai hoto a lokacin hutu. J. D. 'Okhai Ojeikere a ɗakin wanke hoto na Ma'aikatar Watsa Labarai ta Ibadan ya koyi aiki. Daga 1968 ya shiga ɗaukar kitson matan Nijeriya har ya tara kusan dubu, yau ana nuna su a manyan gidajen tarihi na duniya. Fati Abubakar kuwa aikin jinya ta karanta, amma hotunanta na mutanen Maiduguri sun nuna wa duniya cewa a Barno akwai rayuwa bayan labarin tashin hankali. Abin da ya haɗa su biyu shi ne kowa ya dubi abin da ke ƙofar gidansu, ya dage a kai.

Ga iyayenmu masu tsoron kada ɗansu ya ƙare da yawo, ina roƙon su duba cewa jarida, da talabijin, da gidan tarihi, da ma'aikatar al'adu, da kamfanin talla, ba wanda ke aiki ba mai hoto. Ga gwamnatin jiha kuma, tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 muke alfahari da Argungu. Ya kyautu a ware wa masu wannan karatu gurbi a tallafin ɗalibai, da sharaɗin kowa ya ajiye kwafen aikinsa a Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka mayar gidan tarihi a 1958. Mu kuma 'yan ƙungiyar ɗalibai, idan mun koma hutu mu shiga makarantunmu na dā, mu kai wa ƙannenmu waɗannan tambayoyi biyar kafin su sayi takarda. Gani ya kori ji, kuma jikokinmu za su so su ga Kabi yadda mu muka gan ta. Allah Ya sa mu dace.