Ka Ƙara Sifirin, To Birkin Fa?

A satin da ya wuce wani abokin karatuna ya jefo bidiyo a gurup ɗinmu na WhatsApp. Wata tsohuwar Dodge Charger ce baƙa wuluk, irin ta 1970 ɗin nan da muka sani a fim ɗin Fast and Furious, tana ruri tana tayar da hayaƙi. Nan take gurup ya kaure. Wannan ya yabi fenti, wancan ya yabi rim, wani ya ce shi ƙarar salansar ce ta kashe shi. Saƙo ya fi hamsin, amma ko mutum ɗaya bai tambayi abin da ke ƙarƙashin motar ba. Ni ma da ban tambaya ba, ba don abin da ya same ni a hanyar Kano ba.

Daga Dutse na hau wata Golf mai dogon but. Kun san tsarin: biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Abin da ya ja hankalina shi ne duk da wannan lodi bayan motar bai zauna ba, a miƙe yake cak. Na ce wa direban, "Oga, wannan motar taka akwai ƙarfi." Ya yi dariya ya ce ai ya ƙara mata sifirin, yanzu ko buhu biyar ya ɗora ba ta sani ba. Bayan mun wuce Shuwarin, muna cikin gudu, wata akuya ta faɗo titi. Ya taka birki, motar ta ci gaba da tafiya kamar ba a taka ba, bayanta ya yi wani irin lilo hagu da dama, kowa ya kama salati. Allah Ya kiyaye, akuyar ce ta kauce mana, ba mu muka kauce mata ba. Tun daga ranar tambaya ɗaya ke yi mini yawo a kai: sifirin ya ɗauki buhu biyar, to wa ya tambayi birki ko zai iya tsayar da su?

Ra'ayina a taƙaice shi ne, mu matasa muna son gyaran mota, amma mun ɗauko shi ta wutsiya. Abin da ido ke gani muke gyarawa. Abin da ke riƙe da rai mun bar wa sa'a.

Mu fara da waɗancan motocin na Amurka da muke yi wa santi. Su ne ake kira motoci masu ƙwanji, wato manyan injina masu silinda 8 a jikin mota matsakaiciya. Pontiac GTO da Ford Mustang sun fito a 1964, Dodge Charger a 1966, Chevrolet Camaro kuma samfurin 1967. Injin akwai ƙarfi, amma ƙafafun baya na da yawa daga cikinsu tsohon yayi ne. Mustang da Camaro da Charger duk sandar ƙarfe guda ce ke riƙe da tayoyin baya, tana zaune a kan sifirin mai falle-falle, irin wanda kake gani a ƙarƙashin a-kori-kura. Idan aka taka wuta da ƙarfi, ƙarfin injin sai ya murɗe fallayen nan su lanƙwashe, su saki, su sake lanƙwashewa, taya ta riƙa tsalle a kan kwalta maimakon ta kama ta. Ga shi kuma da yawansu da birkin ganga suka fito daga kamfani, wanda yake saurin yin zafi ya daina kamawa.

Shi ya sa wanda ya san abin da yake yi a can, idan ya sayi irin wannan tsohuwar mota, ƙarƙashinta yake fara shiga. Yana cire fallayen ya sa hannuwa huɗu na ƙarfe da za su riƙe sandar baya kada ta murɗe, ya sa sifirin mai naɗi da shakazoba a cikinsa don ɗaukar nauyi, ya ƙara wata sanda a gicciye da za ta hana bayan motar zamewa gefe a kwana. Mustang da Camaro kuma ba su da cikakken shasi tun daga gaba har baya, bodin ne ke haɗa ɓangarorin biyu. Don haka ake yi musu waldar ƙarafa biyu a ƙasa, su ɗaure gaba da baya, kada jikin motar ya riƙa murɗewa. Akwai kamfanoni irin su Detroit Speed da RideTech da sana'arsu ke nan, ƙera waɗannan kaya daidai da kowace mota. Mai son aiki mai kyau har sikeli yake ɗora kowace taya a kai, ya san nauyin da ke kanta kafin ya zaɓi ƙarfin sifirin. Kuma da wuya ka ga an yi wannan aiki ba a canza birki zuwa na faifai ba, ba a sa tayoyi masu faɗi ba. Duk abin tafiya ɗaya yake yi.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna gyaran ƙafar baya, wataƙila ma mun fi su yi. Ka tsaya bakin titi ranar kasuwar Shuwarin, ko ka bi hanyar Maigatari ranar Alhamis, ka ƙirga motocin da bayansu ya ɗaga sama idan babu kaya. Golf ce, Sharon ce, ƙananan a-kori-kura ne. Wani an cire sifirin ɗin motar an sa na wadda ta fi ta girma. Wani an cusa roba ko guntun taya tsakanin naɗin sifirin don kada ya lotsa. Masu fallaye kuma ƙarin falle biyu ko uku ake yi musu. Kayan ana samo su a Ƙofar Ruwa a Kano ko a wajen masu tsofaffin kayan mota, a ɗaura cikin awa biyu, a biya, a kama hanya. Babu awo, babu lissafi, in dai baya bai taɓa ƙasa ba an ce aiki ya yi.

Matsalar ita ce zaman da bayan mota ke yi gargaɗi ne. Mota ce ke gaya maka kaya sun yi mata yawa. Idan ka ƙara sifirin, gargaɗin ka kashe, nauyin yana nan inda yake. Tayar ba ta canza ba, boris ɗin bai canza ba, birkin bai canza ba, wurin da sifirin ya dafa a jikin bodi, wanda wataƙila tsatsa ta riga ta ci, shi ma bai canza ba.

Bari mu yi ɗan lissafi, ba sai ka karanta injiniya ba. A gefen kowace taya akwai lambobi. Idan ka ga an rubuta 185/60 R14 82H, wannan 82 ɗin yana nufin iyakar abin da tayar za ta ɗauka kilo 475 ne, shi ma idan lafiyarta ƙalau kuma iskarta ta cika. Tayoyin baya biyu ke nan kilo 950. Motar ita kanta ta kai tan ɗaya ko fiye, mu ce kilo 400 na nauyinta a kan tayoyin baya yake. Ƙara manya huɗu a kujerar baya, mu ce kilo 260. Ƙara buhun shinkafa ko riɗi uku masu kilo 100. Ka riga ka kai 960, ba ka sa jakunkunan fasinja ba. Sannan buhun da ya leƙo bayan taya ya fi nauyinsa danna baya, domin yana ɗaga gaban motar kamar yadda yaro mai nauyi ke ɗaga ɗan uwansa a lilon katako. Ka haɗa wannan da tayar gwanjo da zafin kwaltar watan Afrilu, sai ka gane dalilin da ya sa muke yawan jin "taya ce ta fashe".

Idan gaba ya yi sakayau kuma, sitiyari ba ya jin magana sosai, tayoyin gaba da su ne ke yin mafi yawan aikin birki ba sa kama ƙasa yadda ya kamata, da dare fitila ta koma haska idon mai tahowa maimakon titi. Sifirin mai tauri a kan shakazobar da ta mutu shi ke kawo lilon nan da na ji a hanyar Kano, don aikin shakazoba shi ne kwantar da tsallen sifirin. Motar da aka ɗaga, aka kuma tula wa kaya a sama, ita ce ke saurin kifewa a kwana.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne mun taɓa sanin wannan darasi. Ku tambayi iyayenmu labarin Peugeot 504. A Faransa ta fito a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ta zama motar gida a duk faɗin Arewa. Ita ce ta ci gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, a kan hanyoyin da suka fi namu muni. Sirrinta a ƙarƙashi yake: ƙafafu masu doguwar lotsawa da ke shanye rami. Kuma kamfanin bai yi wa duk nau'o'inta ƙafa iri ɗaya ba. Doguwar ta iyali an yi mata ƙafar baya mai ɗaukar nauyi, a-kori-kurarta kuma aka sa mata fallaye. Wato tun daga zane an san wadda za ta ɗauki mutane da wadda za ta ɗauki buhu. Mu kuwa yau Golf muke so ta zama a-kori-kura da ƙarfin tsiya.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Direban haya ba don nishaɗi yake lodi ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lissafin tafiya ya rikice. Ga kuɗin mai, ga na tasha, ga balas ɗin mai mota, ga iyali a gida. Idan ya ɗauki mutum huɗu kacal, kuɗin mota sai ya ninka, kuma mu ɗin nan ɗalibai mu ne za mu fara ihu. Ni kaina na sha zaɓar mota mai araha ina kallon lodin da ke bayanta. Don haka laifin ba na direba kaɗai ba ne. Haka su ma makanikanmu ba zan raina su ba. Mutumin da zai saurari ƙarar mota ya gaya maka boris ɗin hagu ne, ba ƙaramin gwani ba ne. Abin da aka ce ya yi shi yake yi. Da masu mota za su riƙa cewa a duba birki da taya tare da sifirin, da zai duba. Amma talauci bai canza lissafin kilo 475 ba. Taya ba ta san an cire tallafi ba.

Waɗanda ba su da uzuri ko kaɗan su ne mu 'yan gayu. Yaro ya samu tsohuwar BMW ko Honda, abu na farko manyan rim, na biyu a fasa salansa, na uku a kwantar da ita ƙasa don ta yi kyau a TikTok. Ta yaya ake kwantarwar? A yanke sifirin da injin yanka, ko a gasa shi da wutar walda har ya lotsa. Ƙarfen da aka gasa ya rasa ƙwarinsa, yana iya karyewa kowane lokaci. Wanda aka yanke kuma yana iya zamewa daga mazauninsa idan motar ta faɗa rami. Da wannan motar za a je rakiyar amarya a riƙa juyi a tsakiyar jama'a, yara na kallo a gefe. Bature ya kashe kuɗinsa don motarsa ta kama ƙasa, mu mun kashe namu don tamu ta saki. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

To me ya kamata mu yi? Idan kana da mota, kafin ka sayi rim, sa a ɗaga ta ka leƙa da idonka. Dubi shakazoba, idan tana yoyon mai ta gama aiki. Danna ƙusurwar motar da ƙarfi ka saki, idan ta yi ta rawa ba ta tsaya nan da nan ba, canza, kuma biyu ake canzawa tare, hagu da dama. Dubi robobin hannuwa ko sun tsage, dubi tsatsa a inda ƙafar ta haɗu da bodi. Nemi ɗan farantin da ke jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, yana ɗauke da iyakar nauyin da motar za ta ɗauka. Karanta lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefen taya: 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Idan dole sai ka ƙara ƙarfin baya saboda yanayin hanyar ƙauyenku, yi shi tare da shakazobar da ta dace, taya mai lamba mafi girma da birki mai lafiya, kuma kada ka ɗauka an ba ka lasisin ƙara buhu ne.

Idan kuma fasinja ne kai kamar ni, kana da baki. Hukumar kiyaye haɗura ta FRSC tun 1988 take faɗa da lodin wuce kima, amma jami'anta ba sa cikin motar lokacin da akuya ta faɗo titi, mu ne a ciki. Zagaya bayan mota kafin ka shiga. Idan ka ga abin ya wuce hankali, jira ta gaba, ko da za a ce ka cika tsoro.

Su kuma abokaina masu ɗora bidiyon mota, ga ƙalubale. Cikin kowane bidiyo goma na fenti da hayaƙi, a yi ɗaya a gareji. A samu dattijon bakanike a Dutse ko Kiyawa, a durƙusa da waya a ƙarƙashin mota, ya nuna mana bambancin shakazoba mai rai da matacciya. Ni dai na yi niyya, da zarar mun gama jarrabawa da shi zan fara. Wanda ya san garejin da za a bar ni in ɗauka, ya ajiye mini saƙo a ƙasa.