Wa Ke Lamunin Tsohuwar Bindiga?

Kun saba ganin farashin gero da dawa da gyaɗa da fatu a cikin wannan takarda, amma ba ku taɓa ganin mun buga farashin bindiga ba, ba kuwa za mu buga ba, domin ba haja ba ce da ake bazawa a rumfa. Duk da haka kowa a Tudun Wada ya sani, da zarar kaka ta wuce kuɗi ya shiga hannu, mafarauta da manoman ƙauyukan Giwa da Soba da Igabi sukan shigo Zariya cigiyar tsohuwar bindiga. Wani don farautar rani yake so, wani don ya kori birai daga gona in damina ta faɗi, wani kuwa don ya buga a hawan Salla. To, tun da ciniki ne ake yi, ana biyan kuɗi, ana cin la'ada, ya zama wajibi a kanmu mu yi magana a kai.

Tambayar ita ce, in mutum ya sayi bindiga a hannun wani, ya je gida ya tarar kunamarta ba ta kamawa, ko kuwa bututun ya tsage a harbin farko, wa zai riƙe?

Sau da yawa dillali yakan nuna wa mai saye rubutun Turanci a jikin ƙarfen, ya ce, "Malam, ai 'yar kamfani ce, da garantinta." Wannan magana muke so jama'a su daina saurara. Garanti alkawari ne tsakanin kamfani da wanda ya fara saye sabuwa a kantin da kamfanin ya yarda da shi, kuma galibi sai an nuna rasit. Kamfanin Smith & Wesson na Amurka, wanda ya yi suna wajen alkawarin gyara na tsawon rai, wa ya yi wa alkawarin? Mai sayen farko kaɗai. Da ta sake hannu, alkawari ya faɗi. Wani lokaci ma kamfanin kansa ke faɗuwa. Remington, wanda aka kafa tun 1816, ya karye a shekarar 2020 aka sayar da shi gunduwa-gunduwa. Kamfanin Ruger ya sayi sunan Marlin daga cikin kayan, ya kuwa faɗa a fili cewa ba ya ɗaukar gyaran tsofaffin Marlin da aka ƙera kafin su zo hannunsa. To, in mutumin Amurka da ke zaune kusa da masana'anta bai sami gyara ba, ina ga mutumin Maigana da ya sayi mai baki biyu wadda ta wuce hannu huɗu ko biyar, ba rasit, ba a ma san ta wace iyaka ta shigo ba? Ko da a ce kamfanin ya yarda, bindiga ba rediyo ba ce da za ka naɗe ka kai gidan waya. Ba ta ƙetare iyaka sai da izinin gwamnati.

Wannan ke nan game da 'yar kamfani. Ita kuwa harba-ka-ruga, wadda aka fi saye a wurinmu, kamfaninta shi ne maƙeri. A da wannan ba aibi ba ne, gata ne ma, gama maƙeri yana da gida da unguwa da sarkin maƙera a bisansa. In aikinsa ya ba da matsala a mayar masa ya gyara, domin yana kunyar a ce ƙirar gidan wane ta cinye hannun mutum. Abin da ya ɓata al'amarin shi ne bindigar da ba a san maƙerinta ba, wadda aka haɗa da bututun famfo, aka shafe walda da baƙin fenti, aka goge ƙota da mai har tana ƙyalli. Tsatsa tana ciki, ido ba ya ganinta. Ranar da aka ɗura albarushi aka taɓa kunama, ranar ne aibin zai bayyana, kuma ba a aljihu zai tsaya ba, a yatsu ne da ido. Keke in ya lalace sai ka tura shi gida. Bindiga in ta lalace kai za a ɗauka zuwa Shika.

Mutanen Ingila sun daɗe da gane cewa alkawarin baki ba ya tsare mai saye. A birnin Birmingham, inda aka ƙera da yawa daga bindigogin da fatake suka riƙa kawowa gaɓar Afirka ta Yamma, an kafa gidan gwajin bindiga tun shekarar 1813. A can sai an harba kowace bindiga da ƙarfin da ya wuce na yau da kullum, in bututun ya jure sa'an nan a buga masa hatimi a jikin ƙarfe. Laifi ne a ƙasarsu a sayar da bindigar da ba ta da wannan hatimi, ko sabuwa ko tsohuwa, haka kuma wadda aka yi wa gyaran da ya rage ƙarfin bututunta sai an mayar an sake gwadawa. Ku lura da hikimar. Takardar garanti tana zama a akwatin mai sayen farko, amma hatimi yana bin bindiga duk hannun da ta shiga.

Mu ma ba a bar mu haka kawai ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Akwai na yaƙi, waɗanda ba mai riƙewa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai irin su mai baki ɗaya da mai baki biyu na farauta, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sa'an nan akwai masu ɗuri ta baki, watau harba-ka-ruga da 'yan'uwanta, waɗanda al'amarinsu ke hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Dokar ta hana sana'ar saye da sayarwa sai ga wanda aka yi wa rajista, ta hana a miƙa bindiga ga wanda bai nuna lasisi ba, ta nemi a ga sunan maƙeri da lamba a jikin ƙarfen, har ƙira da gyara sai da izini. A shekarar 2023 kuwa hukumar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasisi saboda yawaitar makamai a ƙasa. Saboda haka kafin mutum ya taya, ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya ji inda maganar ta tsaya.

A nan ne babbar asarar mai sayen bayan fage take. Wanda aka cuta a cinikin babur ko firji yana iya zuwa gaban alƙali, ko wurin hukumar kare haƙƙin masu saye. Amma wanda ya sayi bindiga ba takarda, ina zai kai ƙara? In ya buɗe baki shi za a fara kamawa. Mai sayarwa ya san da haka sarai, shi ya sa ba ya jin tsoron ɓoye aibi. Ga kuma abin da ya fi wannan muni a zamanin da hanyar Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa suka sha wuya a hannun 'yan fashin daji: ba ka san abin da aka yi da bindigar kafin ta iso gare ka ba. Ka biya kuɗinka, ka sayi laifin wani. Araha ba ta ado, jama'a.

Malamanmu kuma sun karantar da mu a babin ciniki na Risala cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye in ya gano tsohon aibin da aka rufe masa yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Wasu dillalai sukan fake da karin maganar nan, wai kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Gaskiya ne, amma hujin rariya a fili yake. Tsagar da aka rufe da fenti ba rariya ba ce, ha'inci ne.

To, ga abin da muke kira a yi. Na farko, kada a yi cinikin biri a sama: lasisi tukuna, kana taya, a hannun wanda hukuma ta sani. Na biyu, lambar da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda, in an kankare ta kuwa, a tashi daga wurin ko da kyauta aka bayar. Na uku, a kai wa mai gyaran da ke da izini ya kwance ya duba cikin bututun kafin a ce an sallama, ladan dubawa kuwa a bisa mai sayarwa. Na huɗu, a rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, ko da ajami ne, a ambaci duk aibin da aka sani da yawan kwanakin da za a iya mayarwa. Na biyar, muna roƙon sarakunan maƙera da shugabannin mafarauta na ƙasar Zazzau su tsaya a kan cewa duk maƙerin da aka ba izini ya buga alamarsa a jikin aikinsa, yadda ko bayan shekara 20 za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Dillalin da ya ƙi waɗannan sharuɗɗa ya riga ya gaya maka abin da ke cikin bututun. Kai kuma mai saye, kuɗin dawarka ne, yatsunka ne, kuma 'ya'yanka ke kwana a ɗakin da za ka jingine ta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wassalam.