Jirgin fiba ma yana ruɓewa, a daina kitso da ƙwarƙwata

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanen bakin ruwa, har da waɗanda suka yi boko: wai jirgin fiba ba ya ruɓewa. Da wannan magana ake sayen tsohon jirgi mai inji, a shafa masa fenti shuɗi, a rubuta "Allah ya kiyaye" a gefensa, a loda masa ƴan makaranta da buhunan shinkafa. Ni kuwa na ce ganin kitse ake wa rogo, kuma ranar da gaskiya za ta fito, a tsakiyar kogi za ta fito.

Kada mutumin Maraɗi ko Damagaram ya ce wannan damuwar ƴan kogi ce. Kogin Isa ya ratsa ƙasarmu kusan kilomita 550, daga wajen Ayoru zuwa Gaya, gadojinsa kuwa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Da aka rufe iyaka da Benin a 2023, ɗalibai da fatake daga kowace jiha da jirgi suka riƙa ƙetarewa tsakanin Gaya da Malanbil. Ga tabkin Madarumfa, ga na Tabalak, ga Komadugu a Difa. Malamin da aka tura ƙauyen tsibiri ma, ɗan wani ne daga Tawa ko Tasawa.

Fiba dai zaren gilashi ne da ake jiƙawa da wani ruwa mai danƙo, rezin, ya daskare ya yi tauri. Shi kansa ba ya ruɓewa, wannan gaskiya ne. Amma fata ce kawai. A yawancin tsofaffin jiragen nan, ƙashin katako ne aka lulluɓe da fiba: dogayen katakai da ke kwance daga goshi zuwa baya ƙarƙashin daɓe, haƙarƙarin da ke gicciye su, da allon baya mai kauri inda ake rataya inji. Kowane ramin kusa da aka huda ba a toshe ba ƙofar ruwa ce. Ruwa ya shiga, fiba ta hana shi fita, zafin rana ya dafa, katako ya koma kamar dusar da ta kwana a jiƙe. Daga waje kuwa jirgi na ta sheƙi. Jirgin katako na Sarkawa ya fi shi gaskiya, don ruɓarsa a fili take, mai shi na gani ya sake allo.

Gane ciwon ba ya buƙatar injiniya. Taka daɓen: in ya lotsa kamar katifa, an gama. Ƙwanƙwasa allon baya da ƙaramar guduma: lafiyayye na amsawa ƙwal, ruɓaɓɓe na amsawa dum. Ɗaga injin ka danna ƙafarsa, in allon ya motsa ko tsaga ta buɗe a kusurwa, ka sauke yaranka. Huda ɗan rami daga ciki: garin katako fari busasshe alheri ne, baƙi mai danshi shaida ce. Injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ya fi buhun kilo 50 nauyi, yana kuma tura jirgin duka ta wannan allo guda. Ran da allon ya saki, inji ya tafi da bayan jirgi.

Gyara na gaskiya kuwa aiki ne mai ƙura da gumi. A fito da jirgi tudu, a tallafe cikinsa da kyau don kada ya karkace in an cire ƙashinsa. A yanke daɓen, a kwashe ruɓaɓɓen katako da soson da ya sha ruwa, kaf, ba rabi ba. A gurje fibar har sai an kai mai tsabta, da takunkumi a hanci, don ƙurarta na cin fata da huhu. A bar shi ya bushe sarai, kuma Allah ya ba mu bazara don haka. Sannan a yanka sabon katako mai jure ruwa, a shafe kowace fuska tasa da rezin, a manne shi, a bi shi da zaren gilashi falle bisa falle, kowane na zarce na ƙasansa. Maganin daskarwa ana auna shi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100, da sanyin safiya, don a zafinmu rezin na daskarewa a kwano kafin ka shafa. Fenti shi ne na ƙarshe. Masu gyaran ganin ido da shi suke farawa, da shi suke ƙarewa. Mu malamai mun san irin wannan aiki: shi ne farar ƙasar da ake shafa wa tsagaggen bangon aji in an ji sufeto na tafe.

Za a ce mini babu kuɗi, rezin da zaren daga waje ake shigo da su. Na yarda suna da tsada. Na kuma yarda akwai jirgin da gyaransa ya fi sayen wani. To a jingine shi. Jirgin da ke kife a tudu bai taɓa kashe kowa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kashe kuɗin fenti don ɓoye abin da aka sani, sannan in ya nutse a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya ji allon ya yi dum ya kuma loda yara, ya san abin da ya yi.

Za a kuma ce ba masu iya aikin. Wannan laifin namu ne, ƴan boko. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM da kwalejojin CET, ana koyar da kafinta, walda da kanikanci. Me zai hana na garuruwan bakin ruwa su ƙara aikin fiba? Yaron da ya iya shi zai gyara jirgi, ya gyara tankin ruwa da jikin babur. Amma mu ne ke tsorata yara da cewa wanda ya faɗi jarrabawa shi ke zuwa koyon sana'a, sai ga shi ranmu na hannun wanda muka raina.

Ga abin da nake roƙo. Duk kwamitin COGES da ɗalibansa ke shiga ruwa, ya ware rana kafin cikar kogi ta Agusta da ta Disamba, iyaye su je da gudumarsu su duba jirgin a gaban mai shi. Ma'aikatun magajin gari da ke karɓar haraji a mashiga su hana jirgin da ya faɗi gwajin ɗaukar mutane, su kuma tilasta rigar ceto. Masu ba da kyautar jirage su haɗa da horon mai gyara ɗaya aƙalla, in ba haka ba gawa suka kawo mana da wa'adi. Ku kuma iyaye, in mai jirgi ya hana ku ɗaga daɓensa ku leƙa, kun riga kun samu amsa.