Gurbin Da Nijeriya Ta Bari A Birnin Atens

Masu iya magana sun ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Ban musa ba, amma akwai rabon da kan sauko har ƙofar gida ya yi sallama, mai gida ya aiko yaro ya ce ba ya nan. A kan irin wannan rabo nake so in yi tsokaci, kuma misalina daga wasan takobi na mata zan ɗauko shi, wasan da na san da yawa daga cikinmu ba mu taɓa zama mun kalla ba.

Bari in fara da bayanin wasan, don kada in bar mai karatu a duhu. Wasan takobi na zamani iri uku ne, gwargwadon makamin da ake riƙewa: akwai foyil, akwai efe, akwai kuma seba. A biyun farko da tsinin takobi kaɗai ake samun maki. A seba kuwa, sara da suka duk sun halatta, shi ya sa ya fi kama da abin da Bahaushe ya sani da takobi. Makamin siriri ne, ba shi da kaifi, nauyinsa bai kai giram 500 ba. Ana fafatawa a kan wani dogon dandamali mai tsawon mita 14, kuma inda ake nema a jikin abokiyar karawa shi ne daga ƙugu zuwa sama, har da kai da hannuwa, ban da tafin hannu. Rigar da hular ƙarfen da ake sawa a haɗe suke da na'ura, da an taɓa mutum sai fitila ta kama. Wadda ta fara kai maki 15 ita ta ci. Idan fitilu biyu suka kama tare, alƙali ne zai yanke wadda ta fara kai hari bisa ƙa'ida, ko wadda ta kare sannan ta rama. Sau da yawa daga ba da umarni zuwa kamawar fitila ba a cika daƙiƙa biyu ba.

An daɗe ana hana mata wannan makami. Tun a gasar Olamfik ta 1924 a Faris aka ba su foyil, efe kuma sai a 1996 a Atlanta. Seba shi ne na ƙarshe, domin an ɗauke shi takobin sojan doki, aikin maza zalla. Sai a 1999, a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, aka fara gasar duniya ta seba ta mata, inda Elena Jemayeva ta Azarbaijan ta zo ta ɗaya. A Olamfik kuwa, sai a 2004 a Atens, babban birnin Girka, aka buɗe musu ƙofa.

To, a nan ne sunan ƙasarmu ya shigo labarin. Cikin guraben da aka ware a gasar 2004, ɗaya ya faɗo wa Nijeriya ta hannun wata 'yar wasa mai suna Jacqueline Esimaje. Nijeriya ba ta tura ta ba. Da gurbin ya zama fanko, sai aka miƙa shi ga wadda ta fi matsayi a duniya cikin waɗanda ba su samu shiga ba. Wannan kuwa ita ce Mariel Zagunis, 'yar Amurka mai shekara 19, wadda 'yan'uwa biyu, Sada da Emily Jacobson, suka riga ta cike guraben ƙasarta. Yarinyar da ta shiga ta ƙofar da muka bari a buɗe ita ce ta doke Tan Xue ta ƙasar Sin da ci 15 da 9 a wasan ƙarshe, ta ɗauki zinare. Rabon Amurka da zinare a wasan takobi tun 1904, shekara ɗari cif. Ta sake ɗaukar zinaren a Bejin a 2008, ta zama zakarar duniya a 2009 da 2010, kuma ita ta riƙe wa Amurka tuta a bikin buɗe gasar Landan ta 2012.

Kada a yi mini mummunar fahimta. Ban ce da 'yarmu ta je da ta dawo da lamba ba. Watakila a karon farko za a fitar da ita. Abin da nake cewa shi ne, a 2004 wasan nan jariri ne, shekararsa biyar kacal a fagen duniya. Ƙasashen da suka gaji takobi kaka da kakanni, irin su Hungari da Italiya da Faransa, ba su riga sun yi wa kowa nisa a ɓangaren mata ba. Kowa sabon shiga ne. A irin wannan lokaci ne mai ƙaramin ƙarfi kan samu wurin zama, kafin kasuwa ta cika. Da 'yarmu ta je ta sha kaye, da ta dawo da abin da kuɗi ba ya saye: ta ga yadda ake yi, ta san masu koyarwa, ƙannenta kuma sun gan ta a talabijin sanye da kore da fari. Da haka kowace ƙasa ta fara.

Dubi waɗanda suka shiga da wuri. A 2008 'yan matan Yukren suka doke Sin a gidanta da ci 45 da 44 a gasar ƙungiya, kuma wadda ta rufe wasan, Olga Kharlan, shekararta 17. Ta ci gaba har ta tara lambobin Olamfik shida, na ƙarshe zinaren ƙungiya a Faris a 2024. A 2012 Kim Ji-yeon ta Koriya ta Kudu ta fitar da Zagunis ɗin nan a wasan kusa da na ƙarshe, ta ɗauki zinare. Misaki Emura ta Japan ta zama zakarar duniya a 2022 da 2023. Idan an ce waɗannan ƙasashe ne masu hali, to ga Azza Besbes ta Tunisiya, 'yar Afirka kamarmu, wadda ta zo ta biyu a gasar duniya ta 2017 a birnin Leipzig na Jamus.

Na san uzurorin da za a kawo, domin na sha jin su a kan wasannin mata baki ɗaya. Na farko shi ne sutura. Iyaye da dama ba sa son 'yarsu ta fita fili da gajeren wando, kuma ban ga laifinsu ba. To amma wasan takobi ya rufe wannan baki, domin dokarsa ce ta tilasta a rufe jiki daga kai har ƙafa. Abin da ya ja hankalin mahaifiyar Ibtihaj Muhammad ke nan a jihar New Jersey, lokacin da take nema wa 'yarta mai shekara 13 wasan da ba zai raba ta da hijabinta ba. A 2016, a birnin Riyo, Ibtihaj ta zama 'yar Amurka ta farko da ta fafata a Olamfik sanye da hijabi, kuma ƙungiyarsu ta seba ta samu lambar tagulla.

Na biyu shi ne a ce mace ba ta da jikin wannan aiki. Amsar tana bakin Nada Hafez ta Masar, likita, wadda a Faris a 2024 ta doke Elizabeth Tartakovsky ta Amurka da ci 15 da 13, sannan daga baya ta bayyana cewa tana ɗauke da cikin wata bakwai. Ba ina cewa kowace mai ciki ta ɗauki takobi ba ne, wannan tsakaninta da likitanta. Sai dai bayan wannan, wa zai sake tsayawa ya ce matsalar jikin mace ce?

Na uku shi ne kuɗi, kuma wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya. Kayan wasan daga waje ake sayo su, na'urar ƙirga maki tana bukatar lantarki, kuma matsayi a duniya ba ya samuwa sai an yi ta yawon gasa ƙasa-ƙasa. Ƙasar da makarantunta ke neman alli dole ta yi lissafi. Duk da haka, wasan ba ya bukatar filin ƙwallo ko tafkin ninƙaya; doguwar baranda ta ishi masu koyo. Kuma abin da ya faru a 2004 ya wuce maganar gina fili, tunda an riga an samu 'yar wasa, an samu gurbi. Yanzu dai an fara motsi, domin a 2025 Legas ta karɓi baƙuncin gasar takobi ta Afirka. Fatana shi ne kada abin ya tsaya a karɓar baƙi da ɗaukar hoto.

Mu ɗaliban harshe fa, ina namu a ciki? Babba ne. Alƙalin wannan wasa da Faransanci yake ba da umarni, littattafan dokarsa kuma da harsunan Turai suke. Uwar da ba a iya yi mata bayanin abu da harshenta ba, ba za ta saki 'yarta ta je ta yi shi ba. Da ta ji an ce takobi, sara da jini za ta hango. Aikinmu ne mu samo kalmomin da za su nuna mata cewa makamin ba ya yanka, kuma dabara da saurin ido ake gwadawa. Muna da kube da ƙota da garkuwa, muna da hari da kariya da ramuwa. Ni kaina na ari seba da foyil da efe a wannan rubutu don ban samu madadinsu ba, kuma zan yi murna idan wani ɗalibi ya kawo waɗanda suka fi su a fitowa ta gaba. Abin kunya ne a ce mutanen da ke alfahari da Sarauniya Amina ta Zazzau a kowane wasan kwaikwayo na makaranta, su rasa yadda za su kira wasan da mata ke yi da takobi.

Daga ƙarshe, ina kira ga hukumomin wasanni da jami'o'inmu da su riƙa duba ƙananan wasannin da ba a cika turereniya a kansu ba, musamman na mata. Idan kuma wata 'yarmu ta sake samo gurbi da guminta, don Allah a saya mata tikiti ta tafi. Allah Ya sa mu dace, amin.