DAGA ZAUREN LIMAN: Saurayin da bai taɓa sanin mace ba

A yau zan taɓo wata magana wadda kunya ta sa muke kewaye ta kamar yadda ake kewaye rijiya da dare, don haka ina neman afuwar iyayenmu mata tun kafin in fara.

Kwanan baya, bayan sallar isha'i, wani ƙanena na unguwa, mai gyaran babura, ɗan shekara 27, wanda aka sa ranar aurensa bayan babbar salla, ya maƙale a ƙofar zaure har jama'a suka watse. Na zaci rancen kuɗin kayan aure ne ya kawo shi. Da ƙyar ya buɗe baki, kansa a sunkuye kamar wanda ya zo amsa laifin sata, ya ce: "Yaya, ni fa ban taɓa sanin mace ba." Na ce alhamdu lillahi, to sai me? Ya ce abokansa na fada sun gaya masa in bai je ya koyi aiki kafin ranar ba, amarya za ta raina shi har abada. Ɗaya daga cikinsu ma ya yi tayin biyan kuɗin. Shekara da shekaru yana ƙaga musu labarin ƴan matan da babu su, don kada a mai da shi abin dariya wajen shan shayi, ga shi yanzu ƙaryar tana neman ya biya ta da gaske.

Na kwana ina juya wannan al'amari. Yaro ya tsare kansa tun balagarsa, abin da ya kamata a yanka masa rago a kai, amma ya zo yana ɓoye shi kamar kuturta. Wa ya koya masa wannan kunya? Ba a makarantar allo ya samo ta ba, ba kuma a bakin mahaifiyarsa ba.

Mu fara da harshenmu. Bahaushe yana da kalmar budurci, yana da al'adun da ya kewaye ta da su, da kyautar da ake aika wa iyayen amarya, da gorin da ake yi wa wadda ba ta kai ba. Ga namiji fa? Samartaka ba ta nufin komai sai ƙuruciya da ƙarfi. Kalmomin da suka rage masa na zolaya ne: tuzuru, ko gwauro, wanda a Kano har kama shi ake yi a wasan tashe na watan azumi. A Faransanci ma haka abin yake. Kalmar pucelle ta zama lambar girma ga Jeanne d'Arc, amma ka kira saurayi puceau a farfajiyar lise ka ga ko ba a ba hamata iska ba. A Larabcin littattafan fiƙihu kuwa, kalmar bikr ta haɗa namiji da mace, hukuncinsu guda. Wannan bambanci ya daɗe yana yi mini yawo a ka, ni da na tashi ƙafa ɗaya a zauren mahaifina, ƙafa ɗaya a lakkwal.

A lise ne na fara haɗuwa da Julien Sorel, jarumin littafin Le Rouge et le Noir na Stendhal, wanda ya fito a 1830. Ɗan mai tsaga katako ne, aka ɗauke shi koyar da ƴaƴan magajin garin Verrières. Bai kai shekara 20 ba, bai san mace ba, kuma wannan rashin sani ya zame masa ƙaya. Sai ya ɗora wa kansa neman matar maigidan kamar yadda soja yake ɗora wa kansa cin gari, domin Napoleon ne gwaninsa. Ya yanka wa kansa wa'adi cewa kafin agogo ya gama buga ƙarfe goma na dare sai ya kama hannunta, in ya kasa ya harbe kansa. Bayan ya sami abin da yake nema, tambayar da ta dame shi ita ce ko ya taka rawarsa yadda ta dace. Ku lura da wannan, domin ita ce ainihin cutar: matar ta zama jarrabawa, kamar bak, wadda ake ci don a nuna sakamako. Mushen da ya karantar da mu ya bayyana mana wannan babi yana murmushi, mu kuma ƴan aji muka fita da fahimtar cewa haka ake zama namiji. Babu wanda ya tsaya a kan cewa a ƙarshen littafin an fille wa Julien kai.

Ba na cewa Stendhal yana wa'azin fasiƙanci. Mutumin yana tone zuciyar ɗan Adam ne, kuma ya iya. Amma ɗan shekara 17 ba ya karanta abin da marubuci yake nufi, abin da jarumi ya aikata yake karantawa. Kuma idan littafi bayan littafi suka bi hanya guda, hanyar takan zama doka. Rastignac na Balzac ta hannun matar wani ya nemi shiga cikin manyan Paris. Bel-Ami na Maupassant, na 1885, mata ya mayar matakala har ya kai inda ya kai. Kafin su akwai Don Juan, wanda a wasan waƙen Mozart na 1787 baransa yake riƙe da kundin matan da ya yaudara, jimillarsu 2,065, ana karanto su ƙasa ƙasa kamar lissafin haraji. Daga nan abin ya gangaro kan tabarmar masu baza littattafai a bakin titi: jerin SAS na Gérard de Villiers, littafi 200 daga 1965 zuwa 2013, inda jarumin ba ya sauka wani birni ya tashi bai bar mace a baya ba. Da yawa daga cikin yayyenmu a waɗannan littattafai suka goge Faransancinsu, kuma ba harshen kaɗai suka ɗauka ba.

To, idan marubuci ya kawo saurayi mai kamun kai fa? Galibi don a yi dariya ne. A 1740 Samuel Richardson na Ingila ya rubuta Pamela, labarin baranyar da ta ƙi ba da kanta ga maigidanta, masu karatu suka zubar mata da hawaye. Bayan shekara biyu Henry Fielding ya fito da Joseph Andrews, ya ƙaga wa Pamela ɗan uwa namiji, bara a gidan wata attajira, ta neme shi ya ƙi, ta kore shi daga aiki. Sunan Annabi Yusuf ya ba shi da gangan. Hali guda, jarrabawa guda, amma na macen abin tausayi, na namijin abin raha. Shekara 263 bayan haka, a 2005, Amurka ta fitar da fim ɗin da aka juya sunansa zuwa 40 ans, toujours puceau, kuma sunan kaɗai shi ne barkwancin.

Wanda ya fi kowa fallasa wannan ma'auni mai baki biyu, a ganina, shi ne Thomas Hardy a littafinsa Tess of the d'Urbervilles na 1891. A daren farko ango, Angel Clare, ya gaya wa amaryarsa cewa ya taɓa yin kwana biyu yana sheƙe aya da wata mace a Landan. Ta yafe masa nan take, har da farin ciki, domin ta zaci yanzu ita ma za ta iya faɗin nata: wani mai hali ya ci zarafinta tana ƙarama, ta haihu, jaririn ya rasu. Da ta faɗa, sai ya ce ai ba ita ce matar da ya aura ba, ya bar ta ya tafi Brazil. Shi da ya je da ƙafarsa ya sami gafara, ita da aka zalunta ba ta samu ba. Ban san ku ba, amma ni na san Angel Clare fiye da ɗaya a garinmu, wasunsu ma suna sahun gaba a masallaci.

Kada a ce duk laifin na Turawa ne. Littattafan soyayya na Kano da suka cika kasuwanninmu tun shekarun 1990 da farko ba haka suke ba. Saurayi da budurwa sukan yi zance a ƙofar gida, su yi musayar wasiƙu, abokin gabarsu shi ne auren dole ko mai kuɗin da ya shigo tsakani. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, ba ta ɗaga wa Alhaji mai bin mata ƙafa ba, sai da ta sa ya girbi abin da ya shuka. Amma ku karɓi wayar ƴarku ko ƙanwarku ku duba irin labaran da ake turawa yau a WhatsApp. Sau nawa za ku tarar da wannan jarumi: ɗan hamshaƙi, ya yi karatu a waje, miskili, ya gama sanin matan duniya, sa'an nan ya haɗu da wata marainiya ƴar shekara 17 wadda ko hannunta ba a taɓa riƙewa ba, sai tsarkinta ya shiryar da shi? Labarin yana da hijabi, yana da sallar dare, yana ƙarewa da tuba, shi ya sa ba ma ganin dafinsa. Yarinyar da ta karanta goma irinsa ta koyi cewa mijin kirki shi ne wanda ya gama yawonsa ya dawo. Yaron kuma ya koyi cewa akwai lokacin yawo da aka ware masa. Shi kuwa ustazun cikin labarin, in akwai shi, ko dai munafuki ne, ko kuwa bagidajen da yarinya take gudu.

Na taɓa yin wannan ƙorafi ga wata marubuciya, ta ce mini: "Malam, mutumin da bai yi komai ba ai ba shi da labari." Na ce mata ta koma sura ta 12. Alƙur'ani da kansa ya kira ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, mafi kyawun labari, kuma tsakiyarta saurayi ne da aka kulle wa ƙofofi. Surar ba ta nuna shi kamar itace ba. Ta nuna cewa jarrabawar ta gaske ce, har shi da kansa ya roƙi Ubangijinsa ya kawar masa da makircin, don kada ya karkata. Akwai tsere zuwa ƙofa, akwai riga da ta yage ta baya ta zama shaida, akwai matan birni da suka yanke hannuwansu, akwai shekarun kurkuku a kan laifin da bai yi ba. Wane marubuci ne zai ce wannan ba labari ba ne? Shi ya sa mawaƙin Farisa, Jami, ya gina dogon waƙensa na Yusuf da Zulaiha a kansa a ƙarni na 15. Ibn Hazm na Andalus ma, wanda ya rubuta Ɗauƙul Hamama a kan soyayya kusan shekara 1,000 da suka wuce, ya bayyana yadda so ya wahalar da shi, sa'an nan ya yi rantsuwa cewa bai taɓa kusantar haram ba, ya rufe littafin da babi a kan falalar kamun kai. Ko a cikin abin da muka karanta a lakkwal akwai L'Enfant noir na Camara Laye, na 1953, inda shi da Marie suke son juna a Konakiri cikin kunya, kuma waɗannan shafuka suna cikin mafi daɗin littafin.

A suratun Nur, umarnin runtse ido da tsare farji ya fara sauka a kan maza a aya ta 30, kafin ya zo kan mata a ta 31. Aya ta 33 kuma ta umarci waɗanda ba su sami halin aure ba su kame har Allah Ya wadata su. Mu ne muka ɗauke rabin nauyin muka ɗora wa ƴaƴa mata su kaɗai. Ba kuwa ina nufin wanda ya tsare kansa ya riƙa yi wa wasu gori ba. Wanda ya zame ya tuba, asirinsa tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, bai kamata ya tona ba, bai kamata a tone shi ba.

Sai dai akwai wani abu a maganar ƙanen nan nawa da ba zan iya sharewa da aya ba. Tsoronsa na gaske ne, domin jahilcinsa na gaske ne. Amarya tana da gwaggo da inna da ƙawayen uwa masu zaunar da ita su yi mata bayani kafin a kai ta. Ango fa? Abokan ango kawai, da shaƙiyancinsu, da masu tallar maganin maza a tasha da lasifika. Uba ba ya iya buɗe baki, kawu ya ce ba ruwansa. Alhali kuwa littattafan da muka karanta a zaure tun muna yara, daga Ahalari da Ishmawi har Risala, ba su ji kunyar zancen janaba da wanka ba, kuma babin aure a fiƙihu ya yi maganar haƙƙin mace a shimfiɗa a fili. Muka karanta su kamar karatun aku, muka bar wa SAS da wayar hannu aikin tarbiyyar ango.

Washegari na kai maganar gaban mahaifina ba tare da na ambaci suna ba. Ya daɗe shiru yana jan tasbaha, sa'an nan ya ce shekara 40 yana ɗaura aure, bai taɓa tambayar kansa wa yake zaunar da angwaye ba. Ya ce in kira yaron. Suka shiga ɗakin littattafai su biyu, aka sakaya ƙofa, ni kuma aka aike ni sayen goro, wanda na san ba a bukatarsa. Da na dawo na tarar suna dariya. Abokin da ya yi tayin biyan kuɗi kuwa, an ce ya mayar da su gudummawar buhun shinkafa, kuma liman ya ce shi ma yana son ganinsa ranar Alhamis bayan la'asar.